William Blake, Mai Zanen Da Ya Nuna Turai Ta Jingina Da Afirka

Mutumin da wannan fili ya ɗauko tarihinsa yau wani Bature ne na ƙasar Ingila, sunansa William Blake. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai ja runduna ba, kuma tun da aka haife shi har ya mutu bai taɓa ƙetare teku ba. Sana'arsa ita ce zanen hoto a kan farantin jan ƙarfe domin masu buga littattafai, yana kuma rubuta waƙoƙi waɗanda a zamaninsa ba su sami masu saye ba. Cikin talauci ya rayu, cikinsa ya mutu, mutanen garinsu da yawa suna yi masa kallon taɓaɓɓe. Yau kuwa Turawan Ingila suna lissafa shi cikin manyan mawaƙansu da gwanayen zanensu. Amma abin da ya kawo shi wannan shafi wani ɗan hoto ne guda, wanda bai fi shafin littafi girma ba, na mata uku a tsaye sun riƙe juna. Ɗaya daga cikin matan nan uku ita ce Afirka.

An haifi Blake ran 28 ga watan Nuwamba, shekara ta 1757, a unguwar Soho cikin birnin Landan. Ubansa James ɗan kasuwa ne, yana da kantin sayar da safa da sauran kayan saƙa. Yaron bai yi zaman makaranta irin na sauran yara ba, a gida ya sami yawancin karatunsa, Littafin Baibul kuwa shi ne abin da ya fi karantawa. Tun yana ƙarami ya riƙa faɗin abubuwan da ke ba iyayensa tsoro. An ce wata rana ya komo daga yawo a bayan gari ya ce ya ga mala'iku cike da wata bishiya, ubansa ya tashi zai yi masa dukan maƙaryaci, sai uwarsa ta shiga tsakani. Har ya tsufa bai bar faɗin irin wannan ba, kuma shi ne tushen sunan hauka da aka laƙa masa.

Da iyayen suka ga hannunsa ya faɗa wajen zane, sai suka sa shi makarantar koyon zane yana ɗan shekara goma. Cikin 1772 suka biya fam 52 da sule 10 aka karɓe shi yaron koyon sana'a a wurin wani gwani mai suna James Basire, bisa sharaɗin zai yi shekara bakwai.

Ya kamata a bayyana wa mai karatu wannan sana'a, domin a kanta labarin ya tsaya. A lokacin ba a ƙago na'urar ɗaukar hoto ba. In ana so hoto ya fito cikin littafi, sai mai zane ya zana shi a takarda, a miƙa wa wani gwani dabam. Shi kuma gwanin ya ɗauko farantin jan ƙarfe mai sulɓi, ya riƙa ƙwarzanarsa da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki, layi bayan layi, kamar dai yadda mai zanen ƙwarya ke yi, sai dai nasa layukan sun fi gashi siranta. Wani lokaci a taimaka da ruwan asid mai cin ƙarfe. In an gama a shafa tawada ta shiga ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi a matse cikin inji. Kome kuwa a juye ake zana shi, irin na hatimi, don ya fito daidai a takarda. Faranti guda yakan ci makonni ko watanni. Saboda haka hoton littafi yana da masu shi biyu, wanda ya ƙago shi da wanda ya sa shi a ƙarfe, kuma na biyun lebura ake ɗaukarsa, a biya shi ladansa ya tafi.

Basire ya riƙa aika yaron babban cocin Westminster yana zano kaburburan tsofaffin sarakuna. Da ya gama shekarunsa bakwai a 1779, sai ya shiga makarantar zane ta Sarki, inda bai jitu da shugabanta Sir Joshua Reynolds ba. A zamanin nan wani yayi ya mamaye Turai. An tono tsofaffin biranen Rumawa biyu waɗanda dutse mai aman wuta ya binne a Italiya, watau Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748, aka fito da gumaka da zane-zane. Sai masu fasaha suka ce ba kyau sai irin na Girkawa da Rumawan dā: jiki miƙaƙƙe, fuska a natse, layi tsaf ba tarkace, sau da yawa kuma ba tufafi. Babban abokin Blake, John Flaxman, yana cikin jagororin wannan salo a Ingila, Blake kuma ya sha kwaikwayon gumakan nan tun yana yaro.

Cikin watan Agusta na 1782 ya auri Catherine Boucher, 'yar wani mai lambu. Ba ta iya rubutu ba, alamar gicciye ta yi a littafin aure maimakon sa hannu. Shi ya koya mata karatu da rubutu, ya koya mata matsa faranti da shafa launi, ta zama ita ce ma'aikaciyarsa ɗaya tak har shekara 45. Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan mutuwar ƙanensa Robert a 1787, Blake ya fito da wata sabuwar dabara ta haɗa rubutu da hoto a faranti guda, ya ce ruhun mamacin ne ya nuna masa. Da wannan dabara shi da matarsa suka riƙa buga littattafan waƙoƙinsa a cikin ɗakinsu, kwafi kaɗan-kaɗan. Amma abincinsu daga aikin lada yake fitowa, musamman daga wurin wani mai buga littattafai, Joseph Johnson, wanda masu neman sauyi a siyasar Ingila suka maida kantinsa wurin hira.

Lokacin kuwa maganar cinikin bayi ta cika gari. An kafa ƙungiyar neman hana shi a Landan cikin 1787. Cikin Afrilu na 1791 William Wilberforce ya kai ƙudurin hanin gaban Majalisar Dokoki, aka kā da shi da ƙuri'a 163, nasa 88. Watanni huɗu bayan haka bayi suka tashi da yaƙi a mallakar Faransa wadda yau ake kira Haiti, tsoro ya kama duk mai dukiya a gonakin rake. Gidaje da yawa a Ingila suka ƙaurace wa shan sukari don nuna ƙin jininsu ga bauta. Ana cikin wannan hali ne Johnson ya miƙa wa Blake wasu zane-zane na wani tsohon soja ya ce a sa su a ƙarfe.

Sojan Holan a dajin Surinam

Sunan sojan John Gabriel Stedman. Ubansa mutumin Sikotlan ne, uwarsa 'yar Holan, shi kuma hafsa ne a rundunar Holan. Cikin 1773 ya sauka a Surinam, wata ƙasa a gaɓar arewacin Amurka ta Kudu wadda Holan ta riƙe tun 1667, lokacin da ta bar wa Ingila garin da ya zama New York. Arzikin Surinam rake ne da kofi da auduga da koko, masu nomansu kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, yawansu ya ninka na Turawan ƙasar fiye da sau goma. Saboda tsananin azaba bayi suka riƙa gudu suna shiga ƙurmi, suna kafa garuruwansu. Wasu sun yi ƙarfi har Holan ta ƙulla sulhu da su a 1760 da 1762. Waɗanda ke ƙarƙashin wani jarumi mai suna Boni suka ci gaba da kai hari gonaki, kuma su aka aiko su Stedman su murƙushe. Ya zauna har 1777, yana yaƙi, yana jinya, yana rubuta abin da ya gani, yana kuma zanawa. A can ya zauna da wata baiwa yarinya mai suna Joanna, ta haifa masa ɗa. Ya koma Turai ya bar ta, ta rasu a 1782.

Littafinsa na labarin wannan yaƙi ya fito a 1796, mujalladi biyu, da hotuna 80. Kimanin 16 daga ciki aikin hannun Blake ne. Wasu na birai ne da itatuwa da macizai, amma guda uku sun shahara saboda munin abin da suka nuna. Na farko wani bawa ne an soke shi da ƙugiya a haƙarƙari an rataye da ransa, ga ƙoƙunan kawunan mutane a kan sanduna a bayansa. Stedman bai ga wannan da idonsa ba, wani ne ya ba shi labari, ya ce mutumin ya kwana uku kafin ya cika. Na biyu wata budurwa ce an ɗaure hannuwanta a reshen bishiya, an yi mata bulala 200 don ta ƙi yarda da shugaban gandu. Wannan kam Stedman ya gani, har ya roƙa a sake ta, shugaban gandun ya sa aka maimaita bulalar saboda an sa masa baki. Na uku wani kafinta ne baƙar fata, Neptune, ɗa ne ba bawa ba, an shimfiɗe shi ana kakkarya ƙasusuwansa da sandar ƙarfe saboda ya kashe wani shugaban gandu.

Mai karatu zai zaci wanda ya rubuta irin wannan littafi maƙiyin bauta ne. To, ba haka ba ne. Ra'ayin Stedman shi ne a rage zalunci, a hukunta miyagun shugabannin gandu, amma kada a yi gaggawar hana cinikin, domin a ganinsa arzikin Turai zai rushe. Watau shi irin mutanen nan ne masu cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Bugu da ƙari, Johnson ya ɗauki wani marubuci ya gyara littafin kafin a buga, shi kuwa ya sassauta zargin da aka yi wa masu bayi, abin da ya fusata Stedman ƙwarai. Ainihin rubutun hannunsa na 1790 sai a 1988 aka buga shi, bayan wasu masana biyu, Richard Price da Sally Price, sun yi aiki a kan kwafin da ke ajiye a Jami'ar Minnesota ta Amurka. Duk da gyaran, hotunan sun fi rubutun ƙarfi. An juya littafin zuwa harsunan Turai da dama, masu yaƙi da bauta suka riƙa nuna hotunan nan a matsayin shaida.

Mata uku a shafin ƙarshe

Bayan duk wannan jini, sai littafin ya rufe da hoton da ya sha bamban da sauran. Kwanan watan da ke ƙarƙashinsa Disamba ne na 1792, sunan da aka ba shi kuwa yana cewa Turai ce Afirka da Amurka suka tallafe. Mata uku ne 'yan mata, a tsaye, ba tufafi, bisa ga yayin nan na Girkawa da aka ambata. Mai karatu ya yi haƙuri da wannan, al'adar masu zanensu ce ta lokacin. Ta tsakiya fara ce mai dogon gashi, ita ce Turai. A hagun mai kallo ga baƙa, Afirka. A dama ga ja, mai wakiltar 'yan asalin Amurka waɗanda Turawa suka tarar a can. Na gefen biyu sun tallafo ta tsakiya. Furanni sun tsiro a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Duk Baturen da ya yi karatu a zamanin, da ya kalla zai gane inda aka aro tsayuwar. Girkawa suna da wasu alloli mata uku 'yan'uwan juna, na kyau da alheri, kullum a rungume da juna ake sassaƙa su, ma'anarsu kuwa kyauta tana zagayawa, wannan ta ba wannan, wannan ta mayar. Sa Afirka cikin wannan sahu a 1792 ba ƙaramin abu ba ne. Tun da daɗewa masu zanen Turai suna kwatanta nahiyoyi da mata huɗu, akwai ma wani littafi na wani mutumin Italiya, Cesare Ripa, na 1593, wanda ya tsara musu yadda za su yi. Turai sarauniya ce da kambi da doki. Afirka tana sanye da kan giwa, tana riƙe da kunama, ga zaki a gefenta. Amurka da gashin tsuntsu da kwari da baka, ga yankakken kan mutum a ƙafarta don a nuna ta mai cin mutane. A hoton Blake duk an zubar da wannan tarkace. Ba kambi, ba kunama, ba kan mutum. Tsawonsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya, kyansu ɗaya. Abin da Stedman ya rubuta a gefen hoton ma ke nan, cewa launi ne kawai ya raba su, Mahalicci ɗaya ne, yana fatan su zauna lafiya da juna.

A lura kuma, huɗu sun koma uku. An bar Asiya a waje, domin ba taswirar duniya ake nunawa ba, hanyar ciniki ce. Jirgi yakan tashi daga Liverpool ko Amsterdam da bindigogi da barasa da yadi, ya sauke a gaɓar Afirka ya ɗauki mutane, ya sauke su a Amurka ya ɗauko sukari da taba da auduga ya koma gida. Tasha uku, mata uku.

Sai mutum ya matsa kusa ne zai ga zumuncin yana da tabo. Turai tana sanye da abin wuya na lu'ulu'u. Sauran biyun kuwa mundaye ne a damatsansu, waɗanda a kwafin da aka shafa wa launi suka fito ruwan zinariya. Wani masani na Amurka, David Erdman, wanda ya yi rubutu a kan haka a 1952, ya ce mundayen nan alamar bauta ce, watau mari ne aka yi wa ado. Ɗan Nijeriya ba zai rasa tuna wasu mundayen ba, na tagulla, waɗanda aka riƙa ƙerawa a Birmingham ana kawowa bakin tekun ƙasar nan ana sayen bayi da su, daga baya man ja, har suka zama kuɗi a lardunan Gabas, sai a 1949 aka hana ciniki da su. Ko ma dai ado ne ko mari, ƙarfe aka ba biyu, aka ba ɗaya lu'ulu'u.

Sa'an nan akwai wata tufkakkiyar igiya da ta ratsa gabansu, ƙarshenta yana hannun Turai, hannun da ta ɗora a kafaɗar Amurka. Wasu sun ce ganye da furanni ne aka tufka don alamar ƙauna, wasu sun ce ganyen taba ne, amfanin gonar bayi. Kowanne aka ɗauka, wadda ke riƙe da bakin igiyar ita ce ta tsakiya. Ɗaya hannun nata yana cikin hannun Afirka kamar masu gaisawa, kuma wannan riƙon hannu shi ne babbar hujjar masu cewa hoton na 'yan'uwantaka ne.

Abin da ya fi kome faɗin gaskiya shi ne tsayuwar kanta. Turai ta yi laƙwas, ta sunkuyar da ido, kamar mai jin jiri. Afirka da Amurka su ne suka kafa ƙafa, idanunsu a buɗe suna duban mai kallo. In ɗayarsu ta ja da baya taku guda, ta tsakiya faɗuwa za ta yi. A tsofaffin hotuna Turai ce mai bayarwa, ita ke kai wa sauran addini da ilmi suna durƙushe suna karɓa. Nan kuwa an nuna wanda ke ɗauke da wani, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Stedman ya yarda da haka sarai, shi ya sa ma yake tsoron a hana cinikin. Daga hoto guda mai bayi zai ce, kun gani, in aka sake su mun faɗi. Mai ƙin bauta kuma ya ce, kun gani, da ƙarfin wa kuke tsaye.

Masana na baya, musamman mata, ba su yi wa hoton sassauci irin na Erdman ba, kuma maganarsu tana da nauyi. Sun nuna cewa gashin Turai ya sauko ya rufe mata tsiraici, ita aka ba kunya da mutunci, sauran biyun ba a ba su irin wannan sutura ba, an bar su ga idon Baturen da ya sayi littafin. Sun ce ƙirar jikin Afirka da fuskarta ta gumakan Girka ce aka shafa wa baƙi, kamar dai ba za a yarda da kyanta ba sai ta yi kama da Turai. Sun kuma ce bayan ƙugiya da bulala da sandar ƙarfe, rufe littafi da furanni da rungume-rungume lallashin mai karatu ne don ya yi barci da daɗi. Ba tabo ko ɗaya a jikin wannan Afirka, alhali an riga an nuna abin da bulala 200 ke yi wa jikin mace.

To, ina hannun Blake cikin wannan? Tsarin hoton na Stedman ne, Blake lada aka ba shi, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Kusan dukan zane-zanen Stedman na asali sun ɓace, saboda haka farantin Blake ne kaɗai shaidar da ta rage. Amma ra'ayinsa game da bauta ba a ɓoye yake ba. Cikin 1793, yana tsakiyar wannan aiki, ya buga wata doguwar waƙa tasa a kan 'yan matan Albiyon, watau tsohon sunan Ingila. Mugun da ke cikinta mai bayi ne, yana yi wa mace fyaɗe, yana alfahari da tambarin da ya ɗora wa bayinsa, ga kuma wani na uku wanda ya san zalunci ne amma ya zauna yana kuka bai iya taɓuka kome ba. Erdman ya ce wannan na ukun hoton mutane irin su Stedman ne. Duk da haka mutanen biyu sun yi abota, Stedman yakan sauka gidan Blake in ya zo Landan, yana kuma wakilta shi wajen sha'aninsa da Johnson. Shi ma Blake ɗan zamaninsa ne. Waƙarsa ta 1789 a kan wani yaro baƙar fata cike take da tausayi, amma cikinta fari ne launin tsarki, yaron kuma yana jiran ɗan Bature ya so shi.

Stedman ya mutu a 1797, shekara guda bayan fitar littafinsa. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, shekarar da aka tona wani shirin tawaye na bayi Hausawa a birnin Bahia na ƙasar Brazil, abin da ke nuna har ina wannan ciniki ya kai hannu.

Sauran rayuwarsa

Daga nan al'amuran Blake suka yi ta ja da baya. A 1800 wani mawaƙi mai hali, William Hayley, ya ɗauke shi zuwa ƙauyen Felpham a bakin teku yana ba shi ƙananan ayyuka, zaman bai yi daɗi ba. Cikin Agusta na 1803 ya fitar da wani soja daga lambunsa da ƙarfi, sojan ya kai ƙara ya ce Blake ya zagi Sarki ya yabi Faransa, ana kuwa cikin yaƙi da Napoleon. Laifi ne mai nauyi, amma kotu a Chichester ta wanke shi cikin Janairu na 1804. A 1809 ya shirya nunin zane-zanensa a saman kantin wansa, a gidan da aka haife shi. Mutane ƙalilan suka je, jarida ɗaya da ta yi sharhi kuwa mahaukaci ta kira shi. Wajen 1815 abin ya kai shi ga zana kwanuka da tukwanen miya domin littafin tallan kamfanin tangaran na Wedgwood. Wani abin mamaki, a wannan lokaci ya riga ya juya wa salon Girkawa da Rumawa baya, yana cewa fasahar mayaƙa ce masu cin ƙasashen mutane.

Sauƙi ya zo masa a ƙarshe ta hannun wani saurayi mai zane, John Linnell, wanda ya sadu da shi a 1818. Linnell ya ba shi aikin hotuna 21 na ƙissar Annabi Ayuba, aka buga su a 1826, kuma masana da yawa suna ganin su ne ƙololuwar gwanintarsa a kan ƙarfe. Wasu samari masu zane suka riƙa zuwa ɗakuna biyun da yake haya kusa da kogin Thames suna zama gabansa kamar almajirai. Yana kwance yana ciwo yana zana hotunan littafin Dante, mawaƙin Italiya, ya yi 102 bai gama ba.

Ya mutu ran 12 ga Agusta, 1827, yana da shekara 69. Waɗanda ke wurin sun ce a ranar ya zana hoton matarsa, sa'an nan ya yi ta rera waƙoƙin yabon Ubangiji har ya cika. Linnell ne ya ba da rancen kuɗin jana'iza. Aka binne shi a maƙabartar Bunhill Fields cikin kabarin haɗaka, ba ko dutsen suna. Catherine ta bi shi a 1831.

Ingila ta yi dokar 'yanta bayin mallakarta a 1833, shekara shida bayan mutuwarsa. Holan ba ta 'yanta na Surinam ba sai ran 1 ga Yuli, 1863, kuma a cikin wannan shekara ce wani littafin tarihin Blake na Alexander Gilchrist ya fito, wanda ya sa Turawan Ingila suka fara neman ayyukansa. Surinam ta sami mulkin kai a 1975. Jikokin mutanen Boni, waɗanda aka aika Stedman ya murƙushe, suna nan har yanzu a bakin kogin Lawa, kan iyakar Surinam da Giyana ta Faransa. A 1957 aka kafa siffar kan Blake ta tagulla a cocin Westminster inda ya yi zanen kaburbura yana yaro, ainihin wurin kabarinsa kuwa sai ran 12 ga Agusta, 2018, aka ɗora masa dutse.